Ɗaga Mota Daban, Wasan Ƙafa Daban: Shawara Ga Masu Hawa Dutse Da Tsofaffin Motocin Daji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da masu tsofaffin motocin daji, su Land Cruiser da Hilux da Land Rover, da kuma kanikawan da ke yi musu aiki.

Akwai wani gyara da ya zama ruwan dare a garejojinmu. Mota ta fara zaunawa, sai a kai ta wurin mai sifirin ya ƙara mata falle biyu ko uku masu kauri, ta miƙe tsaye kamar raƙumi, mai ita ya biya ya tafi yana murna. Ranar da ta shiga hanyar dutse, irin ta Timiya a cikin tsaunukan Abzin ko ƙananan hanyoyin ƙauyukan Mambila da Filato, sai asiri ya tonu. Ƙafar gaba ta dama ta hau dutsen da bai kai tsayin gwiwa ba, ta gaba ta hagu da ta baya ta dama su rabu da ƙasa, su yi ta juyawa a iska, injin yana kuka mota ba ta motsi. Dalilin yana cikin difarenshiya. Irin wadda yawancin motocin nan suka zo da ita tana raba ƙarfi daidai ne tsakanin ƙafafu biyu na aksil ɗaya, don haka in ɗaya ta rasa abin kamawa, 'yar'uwarta da ke ƙasa ma ba ta samun ƙarfin kirki. Fowil ɗinka, ko kat-kat kamar yadda mutanen Nijar ke cewa, ta zama ba ta da ƙafa ko ɗaya mai ja. Daga nan direba ya fusata ya taka mai, ƙafar da ke gudu a iska ta faɗo kan dutse farat ɗaya, ka ji ƙas! Haɗin aksil na gaba da ake kira Birfield ya fashe, ko sandar aksil ta murɗe.

Abin da motar dutse ke bukata shi ne wasan ƙafa: ƙafa ɗaya ta iya shigewa can cikin madigadi, ɗayar kuma ta sauko ƙasa sosai, jikin mota yana nan kusan a daidaice. Amurkawa sun mayar da wannan abu wasa mai zaman kansa. A garin Moab na jihar Utah ana taron masu Jeep na lokacin Ista tun 1967, kuma hanyar Rubicon da ke Kalifoniya, mai tsawon kusan kilomita 35, kan ci wa mutum yini guda ko fiye saboda duwatsu. Mu a nan yawanci larura ce ke kai mu dutse, amma ƙarfe bai san bambanci ba, kuma ma'aunin da suke amfani da shi zai yi mana aiki. Suna hawa da ƙafar gaba ɗaya kan gangara mai digiri 20 har sai wata ƙafa ta fara barin ƙasa, su auna nisan da aka hau, su raba da tazarar da ke tsakanin aksil na gaba da na baya, su ninka da 1000. Wanda ba shi da irin wannan gangara yana iya ɗaga ƙafar da injin ɗaga kaya, ya auna tsayin da tayar ta yi daga ƙasa, ya raba da 0.342. Misali, Land Cruiser samfurin 80 tana da tazarar santimita 285. In tayarta ta tashi santimita 50 kafin wata ƙafar ta saki ƙasa, 50 a raba da 0.342 ya ba da 146, a raba da 285 a ninka da 1000, an sami 513 ke nan. A rubuta wannan lamba kafin a taɓa ko da noti ɗaya, domin ita ce za ta faɗi gaskiya bayan an gama kashe kuɗi.

Kafin a sayi komai, a gano abin da ke fara tsayar da ƙafar. A cire shokozoba huɗun, a kwance sandar sitabilaiza, mai hana jikin mota karkata a kwana, in akwai, a tokare sauran tayoyi, sannan a sake ɗaga ƙafar a hankali ana leƙawa daga gefe. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ana duba abu biyar ko shida: tiyon birki ya miƙe ya ɗaure? Wayar birkin hannu ta ja? Ƙaramin tiyon numfashin aksil ya fizge? Furofela ta kusa zarewa daga bakinta, ko kurosinta ya ciji kansa? Taya na gugar madigadi ko sifirin in an karya sitiyari har ƙarshe? Sau da yawa za a tarar sifirin yana da sauran tafiya ta santimita biyar zuwa takwas, gajeren shokozoba ne ya riƙe shi.

Sai dai sayen dogon shokozoba da ka shi ne kuskuren da ya fi yawa. Shokozoba mai doguwar tafiya jikinsa ma dogo ne, don haka in ya tsuke ba ya gajarta kamar na asali. In mota ta faɗa rami, maimakon aksil ya daki robar tokare, wato robar da ke jikin shasi don tare shi, sai ya daki shokozoba. Bawul ɗin cikinsa ya mutu, ya fara yoyon mai, wani lokaci ma ya yage mazauninsa daga jikin shasi. Yadda ake yi shi ne a auna daga ido zuwa ido, wato daga mazaunin shokozoba na sama zuwa na ƙasa, sau biyu: lokacin da ƙafa ta sauka iyakar saukarta, da lokacin da ta hau har robar tokare ta matse. Shokozoban da za a saya, tsukakken tsawonsa ya gaza awo na biyu da aƙalla santimita ɗaya da rabi. In ba a sami mai wannan awo ba, ko dai a sa ƙarfe tsakanin robar tokare da shasi a sauko da ita, wanda zai rage hawan ƙafa, ko a yanke mazaunin sama a ɗaga shi da walda mai kyau da faranti mai kaurin milimita biyar ko shida. Na biyun ya fi, in akwai wuri. Sannan a ɗaura ɗamarar tsayarwa daga shasi zuwa aksil, wadda za ta ɗaure santimita biyu kafin shokozoba ya kai ƙarshensa, domin nauyin aksil da taya ya rataya a kanta.

Yanzu ga sifirin falle-falle, wanda shi ne a ƙarƙashin Land Cruiser 40 da 60 gaba da baya, da 70 mai ɗaukar kaya har zuwa 1999 lokacin da aka mayar da gabanta na murɗaɗɗen sifirin, da tsohuwar Hilux mai aksil guda a gaba, da Land Rover kafin 1983. A nan lissafi yana da ban mamaki. Taurin falle yana tafiya ne da kaurinsa sau uku a ninke: in ka ninka kauri biyu, tauri ya ninku takwas. Fallen milimita 10 ya fi na milimita 7 tauri kusan sau uku, alhali a ido bambancin bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa fallen babbar mota guda ɗaya da aka yanko aka cusa ke mayar da sifirin gungume. Tsawo kuma akasin haka yake: sifirin da ya fi tsawo da kashi 10 cikin 100 yana yin laushi da kusan kashi 25. Saboda haka falle sirara masu yawa, dogaye, waɗanda ba su da baka sosai, su ne ke ba da wasa. Sifirin da aka lanƙwasa ya yi baka kamar jinjirin wata domin mota ta yi tsayi, tauri yake yi ta kowane ɓangare.

Tsohon sifirin kuma, tsatsa da ƙura sun manne fallensa har sun zama kamar ƙarfe ɗaya. Akwai gyaran da ba ya cin kuɗi sai lokaci. A matse sifirin da kilam biyu kafin a kwance santabol, wato bol ɗin tsakiya da ke haɗe fallen, domin in aka sake shi haka kawai yana iya tsalle ya ji wa mutum. A warware fallen a jere yadda suke, a goge kowanne da buroshin waya har ƙarfe ya fito, a duba tsaga musamman kusa da ramin santabol da gindin ido. Bakin kowane falle yakan haƙa ɗan rami a jikin wanda ke samansa, kuma wannan ramin ne ke riƙe shi ya hana shi zamewa. A rage kaifin bakin da giranda ya yi sulɓi, a shafe ramin sama-sama, ana bin tsawon falle, ba a gicciye ba. A shafa fenti mai garin gawayin fensir, ko a sa siraran robobi masu santsi a bakin fallen. Giris yana aiki na mako biyu, daga nan ya kwashi yashi ya zama sanfefa. Maɗaurin da ke rungume da fallen a gefe, wanda wasu ke dakawa da guduma har ya shaƙe su, a canza shi da mai bol da ke barin sararin kusan santimita ɗaya a sama, domin fallen su iya buɗewa in ƙafa ta sauka. Kada a cire shi gaba ɗaya, fallen za su baje kamar mafici.

Abu biyu ne ba a yi wa falle: walda da gashi da wutar gas. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne an shayar da shi a masana'anta, wuta tana kashe wannan dahuwa, kuma inda aka gasa nan zai karye. Mai son rage falle ya bar na farko mai ido da na biyu da ke naɗe a bayan idon, domin shi ne ke riƙe aksil in na farkon ya karye a daji. A rage daga tsakiya, ɗaya-ɗaya, ana gwadawa. Amma a tuna da aikin motar. Wadda ke ɗaukar buhuna da durom na mai ba za ta yi laushin motar wasa ba. Abin da ya dace da ita shi ne sifirin mai hawa biyu: sirara a sama, sannan falle ɗaya ko biyu masu kauri miƙaƙƙu a ƙasa waɗanda ba sa taɓa na sama sai an yi lodi.

Shakul, wato ɗan lilon da ke riƙe da ido ɗaya na sifirin, ƙaramin abu ne mai babban tasiri. In ƙafa ta hau, sifirin yana miƙewa ya ƙara tsawo, shakul ya kaɗa waje. In ta sauka, sifirin ya tanƙware ya gajarta, shakul ya dawo ciki. To in mota tana tsaye da nauyinta shakul ya riga ya miƙe sak, ko ya karkata ciki, babu sauran inda zai je, saukar ƙafa ta ƙare ke nan, kuma yana iya kifewa ya maƙale a jikin shasi ya lanƙwasa babban falle. Abin da ake so shi ne ya karkata waje da digiri 30 zuwa 45 daga tsaye. In ya kwanta fiye da haka zai daki shasi tun sifirin bai gama miƙewa ba. Ƙarin tsawon shakul na santimita biyar yana ɗaga mota da biyu da rabi kacal, kuma bai kamata a wuce wannan ba. A Land Cruiser 40 da 60 da tsohuwar 70 shakul na gaba yana can goshin mota ne, don haka in ya yi tsawo yana juya aksil ya rage kwanciyar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa, wadda kanikawa ke kira kasta. Alamarta ita ce mota ta riƙa yawo a kan kwalta kamar ta sha wani abu. Maganinta ɗan weji na digiri biyu zuwa huɗu tsakanin sifirin da mazauninsa, na ƙarfe, wanda santabol ya ratsa. Na alminiyam yana murƙushewa yubol, wato lanƙwasasshen bol da ke ɗaure sifirin a jikin aksil, ya saki.

Maganar bushin, wato robar da ke cikin idon sifirin, ma a kula. Aksil in ya karkata, idon sifirin dole ya ɗan murɗe, kuma roba mai laushi ce ke ba shi wannan dama. Bushin da ake fafewa daga farar roba mai tauri a wurin mai injin tani yana daɗewa, amma yana hana murɗawar, sai nauyin ya koma kan idon falle da mazaunin shasi har su tsage. Roba ta asali ta fi, ko da za a riƙa canza ta. Kuma ba a ɗaure bol ɗin bushin mota tana rataye a jak. A sauke ta kan ƙafafunta, a girgiza ta, sannan a ɗaure, in ba haka ba robar tana zama a murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Yubol kuwa sabo ake sawa duk lokacin da aka kwance, domin zarensa yana miƙewa a ɗauri na farko. A sake bin notinsa bayan kilomita ɗari na farko, a kuma bi bayan ɗari biyar.

Masu murɗaɗɗen sifirin, wato Land Cruiser 80 da aka yi daga 1990 zuwa 1997, da Nissan Patrol Y60, da Land Rover 90 da 110, sun fara da sa'a domin motocinsu sun fi wasa tun daga masana'anta. Matsalarsu ta dabam ce. In aka sa dogon shokozoba, aksil yana iya sauka fiye da tsawon sifirin, sai sifirin ya fice daga mazauninsa ya faɗi ko ya koma a karkace. A ɗaure shi da faranti a ƙasa, a sa mazurarin ƙarfe a sama da zai mayar da shi gurbinsa. A gaban 80 da Patrol da Land Rover, hannuwa biyu ne ke riƙe da aksil, kowanne da bushin biyu a jikin aksil ɗin, kuma in ƙafa ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, bushin huɗun nan ne ke matsewa su ba da hanya. Ɗagawar santimita biyar tana cinye kusan digiri biyu na kasta, sai mutane su sa bushin mai karkataccen rami don gyarawa. Kasta ta dawo, amma irin wannan bushin robarsa siririya ce ta gefe ɗaya, yawanci kuma mai tauri, sai gaban mota ya sandare. Garin neman ƙiba an samo rama. Gara a sauko da mazaunin hannun na baya ko a sa farantin gyaran kasta a bar bushin na asali. Sandar da ke gicciye tana riƙe aksil a tsakiya ita ma a duba ta: bayan ɗagawa tana jan aksil gefe ɗaya, kuma in ba ta yi layi ɗaya da sandar sitiyari ba, duk ramin da aka faɗa sai sitiyari ya fizge a hannu.

Akwai abin da kusan kowa ke mantawa a Toyota: wani bawul a shasi ta baya mai siririyar sanda da ke haɗe da aksil, wanda ke auna lodi ya ƙara ko ya rage ƙarfin birkin baya. In aka ɗaga mota, sai ya ɗauka babu kaya, ya rage birkin baya ko da an cika ta maƙil. A ɗaga inda sandar ta kama aksil da ɗan ƙarfe daidai tsayin da aka ƙara wa motar. Tiyon birki kuma a canza shi da dogo wanda zai bar sassauci na santimita uku zuwa biyar a iyakar saukar ƙafa, a ɗaure shi nesa da taya, a fitar da iska. Ba a haɗa tiyo biyu da waya ko kilif. Ita kuma furofela, haƙoran bakinta su rage a ciki da aƙalla santimita biyu da rabi in ƙafa ta sauka duka, kuma kada ta tokare in ƙafa ta hau, domin tokarewar tana iya fasa akwatin giya.

Wasu za su ce a mayar da sifirin saman aksil kawai a huta. Gaskiya ne hakan yana ɗaga Land Cruiser da santimita 12 zuwa 15 da miƙaƙƙen sifirin mai laushi, kuma wasan yana ƙaruwa sosai. Amma aiki ne da ke jawo sake tsarin sitiyari, da yanke kan aksil a juya shi don kasta, da sandar hana aksil murɗawa, domin sifirin mai laushi a saman aksil yana naɗewa in an taka mai har ya karya kurosin furofela. Ga motar da ke ɗaukar mutane da kaya a kariyar saman mota ban ba da wannan shawara ba. Jarka goma na ruwa a saman mota kilo 200 ne a wuri mafi muni, kuma mota mai tsayi mai laushi a gefen tsauni ba ta gargaɗi kafin ta kwanta. Bulo na ƙarfe tsakanin sifirin da aksil na gaba kuwa, wannan ko da wasa kada a yi.

Sitabilaiza a mayar da ita mai cirewa: a canza bol ɗin 'yan sandunanta da fil mai makulli, a zare a bakin dutse a ɗaure sandar sama da igiyar roba, a mayar kafin a hau kwalta. Iskar taya ma rabin aikin ce. Tayar da ba ta da tib tana iya sauka zuwa awo (PSI) 15 ko 18 a kan dutse, ta rungumi dutsen maimakon ta yi tsalle a kansa, matuƙar ana tafiya a hankali kamar mai tafiya a ƙasa kuma akwai famfon mayar da iska. Amma masu 7.50R16 mai tib a kan wili mai zobe, irin wanda 70 ta saba zuwa da shi, kada su sauka ƙasa da 20 zuwa 22, domin taya tana iya zamewa a kan wili ta ja tib ta tsinke bawul daga gindinsa. Bayan duk wannan a koma kan gangarar awo da kayan da aka saba ɗauka a cikin motar, a gwada kusurwa huɗun ɗaya bayan ɗaya da sitiyari a karye hagu da dama, a bi jikin madigadi da tiyo da shasi ana neman inda fenti ya goge.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani bakaniken motocin daji